Finafinan Zane na Faransa da Tatsuniyar da Muka Bari a Tsakar Gida

Jawabin da aka gabatar a gaban taron ɗalibai a Birnin Kebbi



Sa'ad da takardar gayyatarku ta iso mini, na mayar da amsa cewa zan yi magana ne a kan finafinan zane da Faransawa ke shirya wa yara da iyayensu. Wani abokina da ya ji haka sai ya yi dariya, ya ce, "Kai kuwa Malam, ga tsadar taki, ga ambaliyar da ke cinye shinkafar fadama, ga samari sun gama karatu babu aiki, duk ka rasa abin da za ka kai wa 'yan jami'a sai wasan yara?" Ban yi masa musu ba, domin duk abin da ya lissafa gaskiya ne. Na dai ba shi labarin abin da na gani a gidanmu a Argungu lokacin hutun da ya wuce, shi ne kuma zan fara ba ku.

Bayan sallar isha'i na shiga cikin gida in gai da gwaggona, tsohuwar da a bakinta muka ji kusan duk tatsuniyar da muka sani. Na same ta zaune ita kaɗai bisa tabarma. Can gefe guda kuwa jikokinta wajen su bakwai sun haɗa kai a kan wayar hannu guda ɗaya, suna ta ƙyaƙyata dariya. Na leƙa, sai na ga wani shuɗin muzuru ne ke fama da kyankyasai uku. Sunan fim ɗin Oggy, wani kamfani ne na Faransa ya shirya shi, kuma babu wanda ya san haka cikin yaran, ba su kuma damu su sani ba. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ka ga, yanzu tatsuniya ta koma cikin waya." Ba kuka take yi ba, faɗa mini kawai take yi kamar yadda ake faɗin cewa gulbi ya janye. Tambayar da ta hana ni barci a daren nan ita ce na kawo muku: idan tatsuniya ta koma cikin waya, to, wane ne mai ba da ita, da wane harshe, kuma labarin wa yake bayarwa?

Bari mu fara da sanin abin da muke magana a kansa. Fim ɗin zane, wanda yara ke kira katun, dabara ce ta yaudarar ido. Ana zana abu, a sāke zana shi ya ɗan gusa kaɗan, a sāke, a sāke, sa'an nan a gudanar da zanen a jere da sauri har ido ya ɗauka motsi yake gani. A fim na silima hotuna 24 ke wucewa cikin kowace daƙiƙa. Masu zane sukan rage wa kansu wahala su yi zane 12, kowanne ya fito sau biyu. Ku yi lissafi da kanku: fim mai tsawon minti 70 yana bukatar zane fiye da 50,000. Ko da kwamfuta ta shigo ta sauƙaƙa aikin, har yanzu mutum ne ke yanke shawarar yadda kowace gira za ta ɗaga. Saboda haka duk wanda ya kira wannan sana'a wasan yara, bai taɓa zama ya gwada ba.

Faransawa suna da hujjar yin alfahari a wannan fage, domin a wurinsu aka fara. Ran 28 ga Oktoba, 1892, wani malami mai suna Émile Reynaud ya haska zanensa masu motsi a kan farin allo a gidan kallo na Grévin da ke birnin Faris, shekara uku kafin 'yan'uwan nan biyu, su Lumière, su nuna fim ɗinsu na hoto. Da hannunsa ya zana kowane hoto ya kuma shafa masa launi. Da silima ta hoto ta bunƙasa sai kasuwarsa ta mutu, baƙin ciki ya sa ya watsa yawancin aikinsa a kogin Seine, ya rasu cikin talauci a 1918. A yau ranar 28 ga Oktoba ita ake kira ranar fim ɗin zane ta duniya, girmamawar da ta zo bayan mai ita ba ya nan. A 1908 kuma Émile Cohl ya fitar da Fantasmagorie, wanda bai cika minti biyu ba amma ya ci zane wajen 700.

Wanda na fi so ku riƙe sunansa cikin magabatan nan shi ne Paul Grimault. Shi da mawaƙin nan Jacques Prévert sun soma wani dogon fim bayan yaƙin duniya na biyu, a kan wani azzalumin sarki da ya ƙwallafa rai a kan wata makiyayiya, da wani tsuntsu mai tsaurin ido da ya tsaya mata ita da saurayinta. Aikin bai ƙare ba suka saɓa da mai kuɗin, aka ƙwace fim ɗin aka fitar da shi a 1953 ba da yardarsu ba. Grimault bai haƙura ba. Ya yi ta bin hakkinsa har ya karɓo kayansa, ya sāke tara masu zane, ya ƙarasa aikin yadda ya nufa tun farko, aka nuna shi a 1980 da sunan Le Roi et l'Oiseau, watau Sarki da Tsuntsu. Prévert ya riga ya rasu tun 1977, bai ga ƙarshensa ba. Fiye da shekara talatin ke nan a kan fim guda na yara. Manyan masu zanen Japan, Miyazaki da Takahata, sun sha faɗin irin tasirin da wannan aiki ya yi musu.

Amma haƙurin mutum guda ba ya gina sana'a, kuma a nan ne nake so ku ma'aikatan gwamnati ku kasa kunne. A 1946 gwamnatin Faransa ta kafa hukumar kula da harkar silima, wadda ake taƙaita sunanta da CNC. Daga 1948 aka aza haraji a kan kowane tikitin shiga gidan silima, wanda ya ɗan ɗara kashi 10 cikin 100 na kuɗin tikitin. Hikimar tana nan: ko fim ɗin Amurka Bafaranshe ya shiga kallo, sai ya biya wannan haraji, kuɗin kuma ana tara su ne a asusun da ake tallafa wa masu shirya fim na gida. Watau da kuɗin kallon baƙo ake ciyar da ɗan gida. Daga baya aka ɗora wa gidajen talabijin nasu nauyin. Ga bikin finafinan zane na garin Annecy da ake yi tun 1960, ga makarantar Gobelins a Faris da ke yaye ƙwararru. Har ta kai ga cewa fim ɗin nan na 'yan rawayen halittu da ake kira Minions, wanda kowa ke ɗauka na Amurka ne zalla, kuɗin ne na Amurka, amma a Faris aka zana shi.

Yanzu na zo kan fim ɗin da ya fi shafarmu. A watan Disamba na 1998 aka fitar da Kirikou et la Sorcière, watau Kirikou da Matsafiya. Wanda ya shirya shi, Michel Ocelot, an haife shi a Faransa a 1943, amma a Konakiri ta ƙasar Gini ya yi ƙuruciyarsa, inda iyayensa ke koyarwa. A Dakar aka ɗauki muryoyin masu magana, Youssou N'Dour na Senegal ya yi kiɗan. Kuɗi sun yi ƙaranci har sai da aka rarraba aikin zanen zuwa ƙasashe irin su Latbiya da Hangari. Masu kasuwar fim ba su sa masa rai ba, amma iyaye suka yi ta gaya wa juna, har aka sayar da tikiti fiye da miliyan ɗaya a Faransa kaɗai, ya kuma ci babbar kyauta a Annecy a 1999. Masana sun yarda cewa nasararsa ce ta buɗe wa dogayen finafinan zane na Faransa ƙofar da suka bi bayansa, irin su Ernest et Célestine na 2012.

Ga labarin a taƙaice, ga waɗanda ba su gani ba. Wani jariri ne ya yi magana tun yana cikin uwarsa, ya haifi kansa, ya wanke kansa. Ya tarar garinsu na cikin ukuba: wata matsafiya mai suna Karaba ta ƙafar da idon ruwansu, ta ƙwace zinariyar mata, an kuma ce ta cinye mazan da suka tafi yaƙarta. Kowa a garin ya yarda Karaba muguwa ce, an gama magana. Kirikou kaɗai ke yawo yana tambayar dalilin muguntarta, manya suna korarsa. Ya kutsa cikin idon ruwan, ya tarar wata halitta ce ta toshe shi tana shanye ruwan, ya huda ta ruwa ya dawo. Daga bisani ya haƙa rami ya bi ta ƙarƙashin ɗakin matsafiyar, ya isa wurin kakansa da ke zaune a bayan wani babban suri cikin dutse. Tsohon ya gaya masa cewa wasu maza ne suka danne Karaba suka soka mata ƙaya mai dafi a gadon baya, inda hannunta ba ya kaiwa, tana cikin azaba dare da rana. Mazan garin kuwa ba cinye su ta yi ba, gumakan da ke mata hidima ta mayar da su. Yaron ya yi dabara ya cire ƙayar da haƙoransa. Yara suna ganin ƙaya ce kawai. Manya kuwa sun gane cin zarafin mace ake nufi. Kuma ko bayan ta warke mutanen gari ba su karɓe ta nan take ba, sai da suka so kashe ta.

Na tsaya a kan wannan labari ne saboda in nuna muku abin da Faransawa suka gane, mu kuwa muka sani tun tuni muka manta: yaro yana iya ɗaukar magana mai nauyi in an ba shi ita cikin labari. Gwaggona ba ta taɓa ɓoye mana cewa akwai kishiyar uwa mai azabtar da marainiya ba, ko cewa Gizo yakan ci amanar Ƙoƙi saboda cikinsa. Fim ɗin da ya ɗauki yaro wawa, ya cika masa ido da guje-guje da faɗuwa, zai ba shi dariya ya tashi hannu wofi. Wanda ya bar shi da tambayar abin da ya sa maƙiyinsa ya zama maƙiyi, ya ba shi abin da zai yi amfani da shi har tsufansa.

To, daga ina Ocelot ya samo jaririn nan mai magana a ciki? Shi da kansa ya faɗa: daga tarin tatsuniyoyin Afirka ta Yamma da wani jami'in mulkin mallaka na Faransa mai suna Équilbecq ya tattara, aka soma buga su a 1913. Ku riƙe wannan shekara. A daidai wannan lokaci, tsakanin 1911 da 1913, aka buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku, wanda Frank Edgar ya shirya. Tushensa takardun ajami ne da malamai suka rubuta, waɗanda Burdon, Razdan na Sakkwato, ya fara tarawa ya miƙa masa. Lardin Sakkwato na wancan zamani kuwa ya haɗa da Gwandu da Argungu. Ashe rumbu biyu aka cika a shekara guda. Ɗaya wani ya buɗe ya ɗebi iri ya shuka, duniya ta ci amfaninsa. Ɗayan, wanda yake namu, yana nan cikin ɗakunan karatu, sai mai neman digiri ke kaɗe masa ƙura. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya ƙara mana nasa tarin, Tatsuniyoyi da Wasanni, tun farkon shekarun 1970. Ba za mu ce ba mu da iri ba.

Ban zo nan don in yi wa Kirikou kirari kawai ba, akwai inda nake da ƙorafi. Matan fim ɗin ba su da riga, yaran kuma tsirara suke. Masu rarraba fim a Amurka da Ingila sun yi ɗari-ɗari da shi saboda haka, Ocelot kuma ya ƙi yarda a suturta su, yana mai cewa haka ya ga Afirka a ƙuruciyarsa kuma babu abin kunya a ciki. Ina ganin niyyarsa mai kyau ce, amma ni ba zan haska shi a makarantar firamare a nan ba sai na shawarci iyaye, kuma na san abin da yawancinsu za su ce. Ƙorafina na biyu ya fi wannan girma. Afirkar Kirikou ƙauye ne da ba shi da suna, ba shi da zamani. Babu kasuwa, babu allo da tawada, babu marina, babu ganuwa, babu ayarin fatake. Ɗan Faransa da ya tashi da wannan hoto zai yi mamaki in aka ce masa a nan kwarin Rima, tun ƙarni na 16, an yi birni mai ganuwar dutse irin Surame. Haka nan fim ɗin Zarafa na 2012, wanda ya ɗauko labarin raƙumar dawa da Muhammadu Ali, mai mulkin Masar, ya aika wa Sarkin Faransa. Ta sauka Marseille a 1826, aka taka da ita a ƙasa har Faris a 1827. Fim ne mai daɗi, ya kuma taɓo cinikin bayi, amma ƙarshen tafiyar dai Faris ne, kuma idon da ke kallo na can ne. Mu kuwa ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suna nan kusa da mu, a Kure, kan hanyar Doso zuwa Yamai. Ba laifin baƙo ba ne in ya zana gidanka yadda ya hango shi daga ƙofa.

Na san abin da wasunku ke faɗi a zuci: su suna da hukuma, suna da haraji, suna da makarantu, mu fa? Amsata sunan mutum guda ce, maƙwabcinmu ne kuma. Mustafa Alasan, wanda Faransawa ke rubutawa Moustapha Alassane in kuna son nemansa a intanet, an haife shi a Nijar a 1942. Makanike ne tun farko. Tun yana saurayi yakan yanka kwali ya yi siffofin dabbobi, ya haska su da fitila a bayan ƙyalle yana yi wa jama'a wasan inuwa, alhali bai san ana kiran wani abu silima ba. Daga baya ya haɗu da Jean Rouch a Yamai, ya koyi riƙon kyamara, ya tafi Kanada inda ya zauna da gwanin zane Norman McLaren. A 1965 ya fitar da La Mort de Gandji, labarin fadar wani sarkin kwaɗi da fadawansa, wanda ya ci kyauta a bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966. Shekara 33 ke nan kafin Kirikou.

A 1966 ya yi Bon Voyage Sim, watau A Sauka Lafiya Sim. Minti biyar ne kacal, zanen baƙin layi ne a kan fari, babu wani ado. Sim shugaban jamhuriyar kwaɗi ne, takwaransa na maƙwabciyar ƙasa ya gayyace shi ziyara. Sai ga jirgin sama, ga faretin soja, ga bushe-bushe, ga kumbura wuya, duk kwaɗi. Ku tuna Nijar shekararta shida da samun mulkin kai a lokacin, sababbin shugabannin Afirka suna ta zirga-zirgar ziyartar juna da kuɗin talakawa. Abin da ɗan jarida ba zai iya rubutawa ba, kwaɗo ya faɗe shi, yara suka yi dariya, manya suka gane. Wannan ai ita ce dabarar tatsuniya tun asali. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana masu launi. Ya kuma yi wani mai suna Kokoa, wanda ba sai na fassara wa Bakabe ba: gasar kokawa ce tsakanin kwaɗo da hawainiya da tsuntsu da sauransu, da makaɗa da 'yan kallo, kamar dai yadda ake yi a filin Argungu. Ya shugabanci sashen silima na Jami'ar Yamai shekaru masu yawa, sa'an nan ya koma Tawa ya zauna, yana aikinsa a ɗakin da ya haɗa da hannunsa, har ya koyi zane da kwamfuta da tsufansa. Ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015. A 2017 babban gidan adana fasahar zamani na birnin New York ya nuna ayyukansa. Ina tambaya, a cikin wannan zaure mutum nawa suka taɓa jin sunansa kafin yau? Tawa kuwa ƙasar Hausa ce, ta fi Legas kusa da mu nesa ba kusa ba.

Mu duba abin da ke hannunmu. Ga Muhammadu Kanta, wanda ya raba gari da Askiya na Sangai a farkon ƙarni na 16, ya kafa daular da ta gagari Sangai ta kara da Barno. Masu ba da tarihi har suna ambaton jirgin ruwansa da aka lulluɓe da tagulla. Ga kayan tarihi jibge a gidan tarihi na Kanta. Ga Matan Fada, ga Sarkin Ruwa da Homa, ga dubban masunta da koma da gora suna jiran a ba su izini, ga giwan ruwa, ga wasannin kabanci na nutso da tseren kwale-kwale da kamun agwagwar ruwa. Hukumar UNESCO ta sa bikin a jerin al'adun duniya a 2016. Kyamara tana ɗaukar abin da ke bisa ruwa ne kurum. Mai zane kaɗai ke iya nutsawa da yaro ƙarƙashin gulbi ya nuna masa yadda kifaye ke shawara a daren jajibirin su.

Akwai kuma labarin da ya fi waɗannan duka, ko da yake na san yana da ƙaiƙayi. A wannan zaure akwai jikokin waɗanda suka ci Birnin Kebbi da yaƙi a 1805 ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, akwai kuma jikokin Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafa Argungu. An yi kusan ƙarni guda ana zubar da jini tsakaninsu. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa su don girmamawa, daga nan bikin ya samo siffar da muka sani. Yau ga ku zaune a benci guda. Yaro ɗan shekara takwas a Gwandu ko Augie, wa ya taɓa ba shi wannan labari ta hanyar da zai tambayi dalilin gabar, ba wai ya gaji gabar kawai ba? Tambayar Kirikou ke nan, mu kuwa muna da amsarta a tarihinmu na gaske, da sunaye da shekaru.

Saura abubuwa biyu da na san za a tayar. Na farko hukuncin zana mai rai. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, kuma malamai sun saɓa a kan mas'alar. Abin da na sani shi ne, da yawa daga cikinsu sun yi rangwame ga kayan wasan yara da na koyarwa, suna kafa hujja da 'yan tsanan da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, take wasa da su. Wanda zai shiga wannan aiki ya je ya zauna da malaman garinsa tun kafin ya fara, kada ya bari sai ya gama a yi masa ca. Na biyu siyasa. Sojojin Faransa sun bar Nijar a ƙarshen 2023, a 2025 kuma hukumomin Yamai suka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Wani zai ce, a irin wannan lokaci ne za ka zo kana yaba Faransawa? Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Turawa da Indiyawa ya zuba a Magana Jari Ce, ya sa musu riga da rawani har ba mai gane baƙi ne. Ocelot ya yi mana irin wannan aron ta ɗaya gefen. In mun ari tsarin harajinsu da haƙurinsu ba mu ci bashin kowa ba. Hasali ma matakin na Yamai ya faɗaɗa kasuwar: fim ɗin zane da aka yi da Hausa a Birnin Kebbi zai ratsa Kamba zuwa Gaya, ya ratsa Kangiwa zuwa Dogon Dutsi, ba tare da tafinta ba.

A kudu da Abuja an riga an fara. Adamu Waziri ya soma Bino and Fino a Abuja wajen 2010, a 2020 aka fitar da Lady Buckit and the Motley Mopsters, dogon fim ɗin zane na silima na farko a Nijeriya, a 2024 kuma kamfanin Kugali ya haɗa kai da Disney suka yi Iwájú a kan Legas. Samarinmu na Kano sun ƙware wajen ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya, watau rabin sana'ar tana hannu. Abin da ya rage shi ne a nemi izinin masu fim kafin a fassara, a kuma fara yin namu. In za a yi a nan, ina roƙon a bar kwaɗon ya ce "wanga" da "mi", kada a tilasta masa Kananci.

Ga ku ma'aikata, musamman na ma'aikatun ilmi da al'adu da gidan talabijin na jiha: ba mu da gidajen silima da za a aza wa haraji, amma duk shekarar da aka yi bikin Argungu ana kashe kuɗi masu yawa a kan rumfuna da masaukin baƙi, kwana huɗu a watse. In aka keɓe ɗan kaso ƙanƙane daga ciki don gasar gajeren fim ɗin zane na minti biyar, tsawon na Sim ke nan, aka haska waɗanda suka yi nasara da dare a filin biki kamar yadda ake majigi a dā, takardar da za ta fara wannan magana ɗayanku ne zai rubuta ta, ba kwamishina ba. Ga ku ɗalibai kuma, na sashen Hausa yana da labari, na sashen kwamfuta yana da na'ura, na Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie ya san abin da yaro ke fahimta, kuma akwai manhajar zane irin su Blender da ake saukewa kyauta. Minti biyar zane 3,600 ne. Mutum goma, kowa 360.

Ni dai ga abin da na iya yi. Kafin in baro Argungu na roƙi gwaggo ta bar ni in ɗauki muryarta da wayar nan da ta raba ta da jikokinta. Ta yi ta ja, daga baya ta yarda. Dare huɗu muka yi, na samu tatsuniya goma sha ɗaya, uku daga ciki ban taɓa ganinsu a wani littafi ba, ɗaya ma a kan wani masunci ne da ya auri 'yar sarkin kifaye. A dare na biyu yaran suka ajiye nasu kallon suka matso, ba don na kira su ba, sai don sun ga an sa kakarsu cikin waya. Duk mai son ya zana ɗaya daga ciki ya same ni bayan an tashi, zan ba shi. Sharaɗi guda ta gindaya mini, na kuma yi mata alkawarin zan isar: ta ce tatsuniya ce, kada wanda ya kunna ta da rana.

Malam Shugaba, na ga kana duban agogo.